Gidan Wa Kac Ci Tuwo? Ɗalibanmu da Sallah a Ƙasar Wasu

Duk wanda Sallah ta taɓa riska a wurin karatu, nesa da gida, ya san yadda wayar ranar Idi take tafiya. A yi barka da Sallah, a tambayi sanyi ko zafi, wayar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu har ta kai ga Inna. Ita kuwa ba ruwanta da jarrabawa. Tambayarta guda ce, da harshenmu na Sakkwato: "To, gidan wa kac ci tuwo?" In aka ce mata taliya aka dafa a ɗaki da 'yan'uwa ɗalibai, sai ta yi ɗan shiru ta ce Allah shi kyauta. In aka ce wani bawan Allah ne ya gayyace mu gidansa, sai a ji ta saki rai, amma ba za ta bari a wuce wurin ba. Wane ne shi? Ɗan ina ne? A ina kuka san juna?

Mun daɗe muna ɗaukar tambayar nan a matsayin tausayin uwa kawai, tana gudun kada ɗanta ya kwana da yunwa ranar da kowa ya ƙoshi. Sai da muka bi sawun waɗanda suka riga mu fita neman ilimi daga wannan yanki, tun kafin a san fasfo, muka gane tambayar baki biyu gare ta. Baki ɗaya yana tambayar ko an ci. Ɗayan yana tambayar a hannun wa ɗan yake yanzu.

Mu mutanen Lafani da sauran garuruwan ƙasar Illela, kalmar "ƙasar waje" ba ta razana mu, don a bayan gari take. Mai kabu-kabu zai kai mutum Birnin Ƙonni ya komo da shi kafin rana ta yi sanyi, kuma da yawa daga cikin ragunan da ke cika kasuwar Illela ranar Lahadi in layya ta gabato, daga can suke tsallakowa. Iyakar ma jiya-jiya ce in aka gwada ta da garuruwan da ta raba. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, sai Ƙonni ta faɗo ɓangaren Ingilishi. Faransawa suka koka cewa an bar su da hamada, ba rijiyoyin da ayarinsu zai bi zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 aka janyo layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 ne Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa turaku. Daga nan ɗan Lafani da ya tafi karatu wurin kawunsa a Ƙonni ya zama mai karatu a ƙetare, ko da yake shi ba wanda ya gaya masa.

Kafin turakun nan, da kwanakin tafiya ake auna nisa, da kuma sunan wanda za a sauka wurinsa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kakanninsa Toronkawa a Ƙonni suka zauna, an haife shi a Maratta a 1754, can wajen Galmi a Nijar ta yau, ya tashi a Degel ta ƙasar Gwadabawa, maƙwabciyarmu. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta cewa Shehu ya tafi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru ya zauna tare da shi kimanin shekara guda, har ya bi shi Agadas. Shekara kuwa ba ta zagayowa ba Idi a cikinta. Ke nan akwai Sallar da saurayin Degel ya yi ba a gaban mahaifinsa ba, a cikin jama'ar malaminsa, yana cin abin da suka ci.

Abin lura shi ne yadda zaman ya ƙare. Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar hajji, ɗalibin yana son binsa, sai malamin ya mayar da shi gida domin mahaifinsa bai ba da izini ba. Wannan mai masauki ne da ya san iyakarsa: ya ciyar, ya karantar, bai kuma manta ɗan na wani ne ba. Duk da haka Shehu bai komo yadda ya tafi ba. Zafin Jibrilu a kan gyaran addini ya shiga jikinsa, ya riƙa ambaton malamin da girmamawa har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake ya saɓa masa a rubuce a kan batun kafirta mai aikata babban zunubi.

Shehu da kansa ya san nauyin goron Sallah. Wajen 1788, yana yawon wa'azi a Zamfara, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin Babbar Sallah, ya raba musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi dukiyar ba. Ya nemi a musanya masa ita da wasu buƙatu: a bar shi ya kira mutane ga addini, kada a tare mai son amsawa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ya san wanda ya ci na sarki ranar Idi, bakinsa kan yi nauyi kashegari.

Hanyar da aka hana Shehu bi ita ce ta kai Malam Jibrilu har Alƙahira, inda ya karɓi ijaza daga babban malamin nan Murtala Zabidi. Kuma wanda ya isa Masar daga ƙasashenmu a wancan zamani ba ya rasa inda zai shimfiɗa buzunsa. Maƙrizi, marubucin tarihin Masar, ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ wadda aka gina da kuɗin mutanen Kanem a shekarun 1240, suna kuma aiko mata da kuɗi kusan kowace shekara. Daga baya a masallacin Azhar aka ware wa al'ummomi ruwaƙai, wato sassan kwana da karatu, akwai na Barnawa inda ɗaliban Barno da maƙwabtansu ke sauka. Kowane ruwaƙi da shehinsa, da waƙafin da ake raba wa ɗalibai gurasa daga cikinsa. Shekara kusan ɗari takwas ke nan da mutanen Kanem suka gane cewa mai tura ɗa nesa sai ya tanadar masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Mafi yawan kakanninmu dai ba su kai Masar ba. Gabas suka yi. Bayan an kai amfanin gona gida, malami zai kwashi almajiransa su nufi Barno, ko Nguru da Gashuwa, ko bakin Tafkin Cadi. Ƙananan su komo da faɗuwar damina, gardawa kuwa su yi shekaru ba a ga ko ƙeyarsu ba, don abin kunya ne gardi ya dawo bai haɗa Alƙur'ani ba. Tsofaffin da muka tarar da layya suke ƙirga zamansu a gabas: wane ya yi layya bakwai a can, wane sha ɗaya. Sallarsu kuwa a kan mutum biyu take tsaye. Akwai malam, wanda zakkar fidda-kai da fatun layya da cinyoyin raguna ke taruwa a zaurensa, shi kuma ya raba. Akwai uwar ɗaki, matar cikin gari wadda almajiri ke yi wa ɗiban ruwa da aike, ita kuma ta ajiye masa kwanonsa safe da dare, in Sallah ta zo ta ɗinka masa riga tare da 'ya'yanta. Akwai zumuncin da ke tsakanin gidajenmu da wasu gidaje a Barno da Damagaram wanda daga irin wannan kwano ya faro, har ya kai ga auratayya.

Ba za mu yi wa tsarin nan kwalliya ba. Gardi mai gemu da ya zaɓi tafiya da kansa daban, yaro ɗan shekara bakwai da aka ɗora a mota daban. Abin ya yi aiki ne a lokacin da almajirai ba su fi ƙarfin gari ba, kowane yaro yana da gidan da aka san sunansa. Yau a Sakkwato ko Kano yaro zai bi ƙofa ashirin ranar Idi, ya tara shinkafa da miya iri-iri a roba ɗaya, babu gida ko ɗaya da zai lura in gobe bai zo ba. Ya ƙoshi kam. Amma in Innarsa ta tambaye shi gidan wa ya ci, ba shi da sunan da zai faɗa. A azumin 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci ana mayar da kowa jiharsa ta asali, wasu suka yi kwanaki a sansanonin killacewa. Da gari ya ji tsoro, sai aka ga yaran ba su da mai cewa nasa ne.

Zuwan Turawa ya kawo wata irin tafiya, ta takarda, wadda gwamnati ke zaɓen mutum, ta biya masa jirgi, ta kuma zaɓa masa inda za shi. A 1945 aka tura wasu malaman makaranta daga Arewa zuwa cibiyar horon malamai ta Jami'ar Landan, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Yahaya Gusau. Shekara ta zagayo Malam Aminu Kano ya bi baya. In aka duba kalanda, Babbar Sallar 1945 a tsakiyar Nuwamba ta faɗo, ta 1946 kuma a farkonsa. Sanyi ya shigo, rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, an fito daga yaƙin duniya ke nan, nama da kati ake sayensa, kowa da ɗan rabonsa na mako, dokar da ba a cire ba sai 1954. A ƙaddara mutumin Gusau ko Bauci, wanda ya saba da ƙaurin suya a kowane lungu, ya wayi gari ranar layya a garin da ba wanda ya san ranar ta bambanta da jiya.

Wuraren Idi a Landan ta lokacin da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga su. Akwai ƙaramin masallaci a gabashin birnin da aka buɗe a 1941, da cibiyar Musulunci ta Regent's Park wadda Sarki Joji na shida ya buɗe a 1944. Mafi shahara shi ne masallacin Woking, wanda aka gina tun 1889 a wajen gari, ana shiga jirgin ƙasa a je. Ranar Idi akan kafa manyan tantuna a filinsa, a yi huɗuba da Ingilishi, a ciyar da jama'a shinkafa da miyar Indiya. Mutanen namu a gari ɗaya suka sauka, amma kowa da faifan da ya zauna a gabansa. Tafawa Ɓalewa ya komo yana ganin girman majalisar Ingila da sannu-sannunta. Aminu Kano ya yi hulɗa da 'yan jam'iyyar Leba masu ra'ayin gurguzu, ya komo da abin da ya zama NEPU bayan 'yan shekaru.

Turawan mulki sun fi mu fahimtar baki na biyu na tambayar Inna. Da ɗaliban Makarantar Shari'a ta Kano, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci, suka fara neman ƙarin karatu a ƙasar Larabawa, Azhar ce a zuciyarsu. Amma Masar ta bayan juyin mulkin 1952 ta Jamal Abdul Nasir ce, mai zuga waɗanda aka mallaka su miƙe. Gwamnati ba ta so yaran Arewa su sha ruwan can ba. Sai aka zaɓa musu Bakhtur Ruda, kwalejin horon malamai da Ingilishi suka kafa a 1934 kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu, a Sudan wadda har lokacin tana hannunsu. A 1954 rukunin farko ya tafi. Biyu daga cikinsu 'yan Lardin Sakkwato ne, Abubakar Mahmud Gumi da Halliru Binji, tare da Shehu Galadanci da Hassan Gwarzo na Kano da wasu.

Sudan kuwa ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Basakkwace. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran masu hijira gabas har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin da suka kafa yake amsa sunansa har yau. Ga kuma dubban mahajjatan ƙasa da guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya ƙwadagon auduga a gonakin Jazira, wasu har aka yi jikoki ba a ƙarasa Makka ba, ba a kuma komo gida ba. Su ne suka koya wa Sudan cin tsire, wanda har yanzu a can agashe ake ce masa, kalmar da ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Tun zamanin su Gumi har zuwa namu, ɗalibin Arewa a Sudan in ya yi marmarin jin Hausa ranar Sallah ya san unguwar da zai nufa.

A ganinmu, a cikin dukan Sallolin da ɗalibanmu suka yi a waje, babu wadda ta bar sawu a Arewa kamar Babbar Sallar 1955, wadda ta faɗo a ƙarshen Yuli. Gumi yana ɗalibi ya tsallaka Bahar Maliya daga Sudan ya yi hajjinsa na farko. A shekarar ne kuma Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, ya yi nasa na farko. Suka haɗu a can, ɗalibin ya zama mai jan ayarin salla, Larabcinsa ya yi rana. Bayan shekara biyu aka tura shi Jidda a matsayin jami'in alhazai. A 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam, kuma alaƙarsa da malaman Saudiyya da gidan sarautarta ta ci gaba har ta kai ga lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Masoyan Gumi da masu adawa da shi, waɗanda a nan duka muna da su a tsakar gida ɗaya, sun yarda a kan abu guda, cewa addini a Arewa bai koma yadda yake ba a bayansa. Turawa sun toshe ƙofar Alƙahira suna ganin sun yi dabara, ashe ɗalibin a Mina zai ci layya. Abokan tafiyarsa ma ba su komo hannu sake ba: Halliru Binji ya zama babban alƙali, Shehu Galadanci ya zama shugaban Jami'ar Sakkwato na farko da aka kafa ta a 1975.

Bayan 'yancin kai ƙofofi suka yi yawa. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka buɗe a 1961, ta riƙa ɗaukar yaranmu kyauta har da kuɗin aljihu. Azhar ta gina wa baƙin ɗalibai unguwa guda ta kwana. Tarayyar Sobiyet ta ba da guraben likitanci da injiniya. Aka buɗe Jami'ar Musulunci a Sayi ta Nijar a 1986, ga Jami'ar Afirka a Khartum, ga Ƙum ta Iran bayan juyin 1979. Kowane mai masauki ya ba da abin da yake da shi, ya kuma maido mana da ɗanmu da ɗan kamanninsa. Mun sami alƙalai da likitoci da malamai, ba mai musun wannan. Amma garin da a da yake fita filin Idi ɗaya, yau sai ka ga filaye biyu ko uku. Ba mu ce karatun waje ne kaɗai ya jawo ba, amma yana da hannu.

Waɗanda suka yi karatu a waje a cikinmu a 'yan shekarun nan, kusan labarinsu ɗaya ne ko a Alƙahira ko a Kwalalamfur ko a Nikosiya. Tun daga gida ake shirin Sallar: Inna ta ɗaure kuka da daddawa da yaji a leda uku-uku don kada su ɓata kaya, a cusa kilishi a tsakanin litattafai. Ranar Idi a sa shadda, wadda ita ce ke sa Misirawa juyowa a layin salla. A yi karo-karo a sayi rago guda, mutum talatin a kansa, a tuƙa garin alkama ko na masara a ce masa tuwo. Masu gidan da muke haya su aiko da kahk, ɗan biskit ɗin da Misirawa ke yi wa Ƙaramar Sallah, ko fatta, shinkafa da gurasa da romo, ranar layya. A Turai kuwa sau da yawa daga masallaci aji ake wucewa, ko ɗakin jarrabawa. Da yamma kowa ya kama kusurwa da wayarsa, ana haska masa ragunan gida an banƙare su a jikin itace an jera su kewaye da wuta, yana dariya yana haɗiyar miyau.

A nan ne muke da ɗan ƙorafi a kan kanmu. Wayar da ta kusanto mana da gida ita ce ta rage mana buƙatar maƙwabci. Gardin da ya tafi gabas, in bai ƙulla da mutanen gari ba, ba shi da kowa. Mu kuwa mutum zai yi shekara biyar tsakanin aji da ɗakin kwana da ƙungiyar ɗaliban jiharsu, ya karɓi digiri ya dawo, bai taɓa cire takalmi a ƙofar gidan ɗan ƙasar ba. Kwanon kahk ɗin ma sau nawa muka mayar da shi ba komai a ciki?

Sai ga Khartum. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, azumi yana da ashirin da huɗu, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidti. Filin jirgin sama na cikin wuraren da aka fara rufewa. Dubban ɗaliban Najeriya ne a birnin, mafi yawansu 'yan Arewa, cikinsu da 'yan mata masu karatun likitanci da jinya. Ruwa ya yanke, wuta ta ɗauke, bankuna a rufe. Idi ya zo ranar Juma'a 21 ga wata, rana ɗaya da Sakkwato. An yi shelar tsagaita wuta domin Sallah, bindiga ba ta yi shiru ba. A ranar nan ba uwar da ta tambayi tuwo. In layi ya shiga, tambayar ita ce kana ina, wa ke tare da kai.

Ranar 26 ga Afrilu motocin farko suka tashi daga harabar Jami'ar Afirka suka nufi iyakar Masar, inda aka yi kwanaki ana jiran izinin shiga. Jiragen farko daga Aswan sun sauka Abuja a daren 3 ga Mayu, wasu kuma aka kwaso su ta Fot Sudan, har aka dawo da fiye da mutum 2,000. Ba mu ce sanin wani gida a Umdurman zai tare harsashi ba. Amma a ranakun da ke tsakanin 15 da 26 ga wata, takardar gurbin karatu ba ta san rijiyar da ke da ruwa ba, ba ta san lungun da ba shinge ba. Ɗan unguwa ne ya sani. Abin da ya fi ciwo shi ne, mu mun sami jirgi, masu masaukin namu ba su samu ba. Wad Madani, mai tsohuwar al'ummar Hausawa, ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, a 2024 kuma yaƙin ya isa jihar Sinnar, inda jikokin mutanen Burmi suke. Waɗanda suka shekara ɗari suna saukar da ɗalibanmu da mahajjatanmu sun koma neman wanda zai sauke su.

A nan bakin iyaka mun ɗanɗani namu, ko da yake bai kai wancan ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 har 16 ga Disamba 2020, lokacin da aka buɗe huɗu, Illela a cikinsu. Sallolin 2020 duka biyu a cikin rufin suka zo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa har Maris 2024. Yaranmu da ke karatu a Sayi da Yamai da Jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi, waɗanda a da ba mu ɗauke su masu karatu a waje ba, don tuwon ɗaya ne, harshen ɗaya ne, sai ga shi in za su zo gida sai ta hanyar gona. Ko babu rufi ma wata yakan raba mu. A 2024 Nijar ta yi Ƙaramar Sallah ranar Talata 9 ga Afrilu, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar Laraba, wasu 'yan ƙalilan a Sakkwato suka bi ganin Nijar. Ɗalibin Maraɗi ya ɗaga waya ya yi barka da Sallah da bakinsa mai maiƙo, aka amsa masa da muryar mai azumi.

Hanyar kuma ba ɓangare ɗaya take tafiya ba. Kamar yadda namu ke tsallakawa arewa, haka 'yan Tawa da Madawa da Dogon Dutsi ke tsallakowa kudu, manya zuwa jami'o'i da zaurukan malaman Sakkwato, ƙanana zuwa makarantun allo na garuruwanmu. Ga su kuwa, Lafani ita ce ƙasar waje, mu ne mutanen gari. A Sallar da ta wuce, da safe bayan an sauko daga Idi, Inna ta jera kwanuka a tsakar gida tana ƙirga na dangi da na surukai, ta ware uku ta ce a kai makarantar allon bayan gari. Aka tura ƙanenmu. Da ya dawo ta tsare shi a ƙofar ɗaki, tana tambayar su nawa ne ba su tafi gida ba, 'yan ina ne. Ya faɗi abin da ya gani. Ta ce, "To, shi wanda yaz zo ɗiban ruwa jiya, mi as sunanai?"

Ƙanen namu bai sani ba. Aka sake tura shi.